Na Zaɓi Tasa, Na Bar Tata

Jama'a, tun kafin ku yi nisa bari in gaya muku, na yau babu daɗi a cikinsa. Masu turo mini saƙo kuna cewa, "Baba mai wanki, yaushe za mu sha biki?" ku ajiye wannan tambayar tukuna. Akwai abin da na ɓata. Da bakina na ɓata shi, a gaban mutane, kuma Allah ya sani gyara na tashi yi.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni mai gidan wanki da guga ne. Shagona ɗaki biyu ne: na gaba akwai kanta da layin hanga, na baya injinan wanki da teburin guga. Matata ta rasu, Allah ya jiƙanta, ta bar mini 'ya ɗaya tilo. Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka bakina ba ya iya kiran sunan, Uwata nake ce mata. Ta karanci ilimin kwamfuta, a wurin karatun kuma ta haɗu da yaron da ke neman aurenta, wani dogo siriri mai yawan tura tabarau da ɗan yatsa. Injiniya nake ce masa. Ya sa mata zobe, manya sun gana, abin da ya rage sa rana.

Abin ya samo asali ne daga wata kwat. Wani ango ya kawo baƙar kwat ɗinsa, wani malamin makaranta ya kawo tasa, ita ma baƙa. Lambar da muke maƙalawa da fil ta jiƙe ta goge, na ba kowa ta ɗan'uwansa. Angon ya dawo hannun kwat ya tsaya masa a gwiwar hannu, ya wanke ni tas a gaban Uwata. Ban ce uffan ba, gaskiyarsa ce. Ita kuwa yana fita sai ga hawaye, don tsabar haushi.

"Baba, an gama wannan wulaƙancin," ta ce. "Zan gina maka manhaja. Kowace riga da sunan mai ita, da launinta, da hotonta."

Injiniya yana jin labari ya ce shi ma da shi za a yi. To, daga nan rigima ta tashi.

Wata ranar da babu cunkoso suka zo shagon tare. Uwata ta ɗare saman kantar ta zauna kusa da tarin zanen gado, abin da nake hana ta tun tana ƙarama ba ta taɓa bari ba. Doguwar riga ce ruwan toka a jikinta, ta yafa mayafin mahaifiyarta mai ɗigo-ɗigon fari, wanda bakinsa ya fara zarewa amma ta hana a kai wa tela. Ta buɗe kwamfutarta a cinya.

"Baba, hanya biyu ce. Ko dai manhajar ta zauna a cikin tsohuwar kwamfutar nan taka, ita da kayanta duka, da sabis ko babu sabis tana aiki. Ko kuma ta zauna can a wata kwamfuta ta haya wadda ba ta barci, ana ce mata saba, kai kuma ka riƙa leƙa ta daga nan ta intanet."

"Ta biyun ita ce ta masu hankali," in ji Injiniya.

"Malam, an kira sunanka?"

"A'a, ranki ya daɗe. Tari na yi."

Na ɗauka iyakar zancen ke nan. Ashe kowace hanya ma da 'ya'yanta. Wai maginin manhaja ba ya farawa daga ƙasa. Akwai ƙwarangwal ɗin gini da wasu suka riga suka haɗa, shi sai ya zaɓi ɗaya ya ɗora nasa a kai. Sunayen kamar na maganin asibiti, amma don yawan jin su sai da na haddace.

"Akwai Electron," ta ce, tana lanƙwasa yatsa. "Shi kamar mai guga ne da zai zo maka da dutsensa, da teburinsa, da bokitinsa, har da kujerar zamansa. Duk gidan da ya shiga aikinsa iri ɗaya ne, ba ya ba ka kunya. Amma sai ya cinye rabin ɗaki. Wannan tsohuwar taka in na ɗora mata shi, nishi za ta riƙa yi."

"Ɗayan fa?"

"Ɗayan aron kayan gidan da ya tarar yake yi, shi ya sa ba shi da nauyi. Sai dai kafin ya yarda da kai sai ka sha wuya. Sunansa Tauri."

Mai gugana, wani dattijo da muka tsufa tare a cikin tururi, ya leƙo daga ɗakin baya da dutse a hannu. "Tauri? To ai kin gamu da ɗan'uwanki, 'yar nan."

"Kawu, ka koma kan wandon mutane kafin ya ƙone."

Injiniya ya tura tabarau ya ce a ba shi fili. A tasa hanyar ma, in ji shi, akwai Django, wanda yake kamar kabad da aka kawo maka cike da kaya, har da waɗanda ba za ka taɓa sawa ba. "Yana da kyau in babban kamfani ne. Amma shagon Baba ba banki ba ne. Ni Flask zan ɗauka. Kwando ne kawai, abin da kake buƙata shi kake jefawa a ciki. Kafin ki gama lallashin Taurinki na gama tawa na sha shayi."

"Ranar da sabis ya ɗauke kuma, sai Baba ya ce wa masu kaya su hau sama su karɓo rigunansu."

"Ranar da kwamfutar nan ta sha tururi ta mutu fa? Komai ya tafi da ita."

"Zan sa ta riƙa ajiye kwafi a filashi. Sai me kuma?"

Ni dai ina tsaye ina kallonsu, raina fari ƙal. Ku da kuka haifa kun san abin da nake nufi. Suna faɗa suna satar kallon juna. Sai na yi tambayar da duk mai inji yake yi, don na sha wuyar masu gyara.

"To in abin ya samu matsala, wa zai gyara?"

"Tawa ko'ina nake a duniya zan gyara, Baba," in ji Injiniya. "Kai ko sani ba za ka yi ba. Ka kwana da matsala, ka tashi babu."

"Tawa ni zan zo da ƙafata," ta ce. "In sa filashi, in gyara, in sha shayinka, in tafi."

Sai ya dube ta. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Daga ina za ki zo?"

Ta sunkuyar da kai tana jan zaren bakin mayafin. A lokacin ban kawo komai a raina ba, na ɗauka cikin tsokanar ne.

Aka tashi a kan kowa ya gina tasa, a ɗora mini su duka biyu, in yi aiki da su, sannan in faɗi wadda za ta zauna. Mai guga ya ce, "Sun mai da kai alƙali tsakanin 'yarka da surukinka. Da ni ne, da na ce idona ba ya gani."

Da na ji maganarsa.

Bari in faɗi gaskiya a kan manhajojin nan, tunda a wurin da ya kamata in faɗa ban faɗa ba. Ta Injiniya kyakkyawa ce. Ana gama wankin kaya take tura wa mai su saƙo a waya, kuma ina zaune a gida nake ganin abin da ya shigo da abin da ya fita. Amma layinmu sabis ɗinsa kamar baƙo yake, ya zo ya tafi. In ya tafi sai wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a allon, mai kaya yana ƙwanƙwasa kanta da makullin mota, ni ina murmushin dole. Ta Uwata kuwa kafin in ɗauke yatsa ta buɗe. Rubutunta manya-manya, don ta san idona. Maɓallin karɓar kaya kore, na bayarwa ja, ta sa su nesa da juna saboda ta san hannuna yana rawa da safe kafin in sha magani. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sabis ya ɗauke ɗif, ita ko a jikinta. Ba wanda ya taɓa auna ni ya ɗinka mini abu daidai jikina kamar wannan manhajar.

Ana cikin haka Yaya ta zo. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni, kuma har yau kallon ɗan goye take mini. Ta dire labulayenta a kan kanta, waɗanda ba ta taɓa tambayar kuɗin wankinsu ba, ta ja kujera. Ni kuwa da bakina na hau ba ta labarin gasar, ina alfahari. Ta bari sai da na kai aya.

"Kai dai har abada sai an tauna an sa maka a baki. Yaron nan ya samu aiki a ƙasar waje. Ba irin ƙasar da ake zuwa a mota ba. Suna jiran amsarsa, shi yana jiran tata, ita kuma kullum a bari tukuna. Uwarsa ta kira ni, ta ce in ba mu shirya ba mu faɗa musu."

Na dafa kantar shagon.

"Me take jira?"

"Kai take jira! Ka mutu ko ka yi hankali, ban san wanne ba. Wa zai tuna maka maganin hawan jini, wa zai duba ko ka kashe dutsen guga. Yanzu kuma ta ƙirƙiro abin da sai ta zo da ƙafarta ake gyarawa. Kai ba ka ga igiya ba? Ta ɗaura baki ɗaya a ƙafarta, ta miƙo maka ɗayan, kai kuma kana ta washe baki. So kake ta tsufa a cikin kumfar sabulu kamar ku?"

"Yaya, a hankali, akwai mutane."

"Su ji! Uwarta da tana nan da tuni an wuce wurin."

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba. Akwai wani ɓangare na zuciyata da ya so ya riƙe igiyar nan da hannu biyu. Na koma gida na tarar da silifas ɗinta a bakin ƙofa, ɗaya a kife kamar kullum, kofinta a kan firji, cajarta a soket ɗin da nake faɗan a daina bari. Na tsaya ina tunanin gidan nan babu su. Tun da mahaifiyarta ta tafi, motsin Uwata ne kaɗai ke nuna ana zaune a cikinsa. Amma sai na tuna yadda take kallon yaron nan in ya juya baya. Wane irin uba ne zai hana ta wannan?

Washegari na kira Injiniya, na ce ya zo shi kaɗai. Na ja shi ɗakin baya, tsakanin injinan, inda ƙara ba ta barin magana ta fita.

"Ɗana, gaskiya ne za ka tafi?"

Ya cire tabarau ya riƙe. "Baba, ban so ka ji daga bakin wani ba. Ita ta ce in bari ta faɗa maka da kanta."

"Ba faɗa na kira ka in yi ba. Manhajarta, in ta tafi, wa zai gyara?"

"Yadda na san ta gina ta, sai an zo."

"Taka fa?"

"Daga ko'ina."

"Shi ke nan. Kada ka gaya mata mun yi magana."

"Baba, ba na ɓoye mata abu."

"Wannan ka ɓoye. Ni na ce."

Ku shaida, don wannan shi ne abin da nake so ya isa inda ya kamata: yaron nan bai roƙe ni komai ba. Bai ce in zaɓi tasa ba, ko da ido bai nuna ba. Tambaya na yi, ya amsa. Da yamma Yaya ta kira, na ce mata ta kwantar da hankalinta, mun keɓe da Injiniya, na san abin yi.

A 'yan kwanakin nan Uwata ta rage magana. Idanunta sun yi ja, abinci sai na yi da gaske take taɓawa, kullum tana ɗaki kwamfuta a cinya. Na ce a raina tunanin rabuwa da yaron ne ke cin ta. Saƙonninta dai ba su fasa zuwa ba.

"Baba ka sha magani?"

"Na sha."

"Hoton kwalin."

Sai in ɗauka in tura. Wata rana kuma ta rubuto: "Baba in za ka rufe shago kada ka kashe kwamfutar yau. Ina gwada wani abu." Na ce to. Ban tambayi ko mene ne ba. Da ma ni abin kwamfuta in an ce bari sai in bari.

Ranar hukunci da la'asar ce, bayan an rage kaya. Yaya ta zo ba wanda ya gayyace ta. Mai guga ya kashe dutse ya jingina da ƙofa. Uwata ta shigo cikin shuɗiyar rigarta mai ƙananan maɓallai a hannu, wadda ni da kaina na goge mata da safe, na bi kowace tattara a hankali. Ta sa kwalli. Rabon da in ga fuskarta a sake haka an kwana biyu. Zoben yana ta ƙyalli a yatsanta tana zuba mana shayi.

"Baba, kafin ka faɗa, akwai abin da nake so in nuna..."

"Bari, Uwata. Bari in gama tukuna."

Na katse ta ne don na san in ta ƙara minti ɗaya tana mini wannan kallon, ba zan iya ba.

"Na gwada duka biyu. Ta Injiniya za ta zauna."

Injiniya kansa sai da ya ɗago ya dube ni. Ita kuwa murmushin bai gama barin fuskarta ba, kamar tana jiran in ce wasa nake.

"Me ya sa?"

Ban shirya wa wannan tambayar ba. Da na ce saboda saƙon da take tura wa masu kaya, da ta yi gardama an wuce. Amma na ji tsoron kada ta ce za ta ƙara wannan a tata. Na nemi maganar da za ta rufe ƙofar gaba ɗaya.

"Taki tana da nauyi. Tana jinkiri. Kin yi ƙoƙari, amma aikin koyo ne. Tasa ta ƙwararru ce."

Mai guga ya yi wani tari ya koma ɗakin baya.

"Jinkiri?" ta ce. "Baba, a gabana kake buɗe ta. Ranar ruwan nan da wacce ka yi aiki?"

Na kalli hanga.

"Baba, dube ni. Aikin koyo?"

Sai Yaya ta tafa hannu. "To alhamdulillahi, magana ta ƙare. Ni dama tun ranar da ya ce sun keɓe da Injiniya a ɗakin inji na san an gama. Sai a kira uwarsa a sa rana."

Na ga lokacin da maganar ta shige ta. Ta ajiye butar shayin a hankali, ta juya wurinsa.

"Kun keɓe?"

"Ki tsaya ki ji..."

"Ka zo wurin mahaifina a bayan idona, ka roƙe shi ya kayar da aikina, don ka samu ka kwashe ni?"

"Wallahi ban roƙa ba."

"Amma ka zo."

"Na zo."

"Ka kuma ɓoye. Jiya muna tare, na tambaye ka ko akwai wani abu, ka ce babu."

Ya dube ni. Jama'a, a nan ne ya kamata in buɗe baki. Na buɗe, amma Yaya ta riga ni, tana cewa yarinya ba ta tsare namiji da tambaya haka, ai gata aka yi mata.

Uwata ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"A nan, inda nake da uba, nake da gwaggo, an zauna a kaina ban sani ba. Can inda ba ni da kowa sai kai fa?"

Ta murza zoben. Ya ɗan ƙi fita, ta ja shi da ƙarfi har yatsan ya yi ja. Akwai wani gwangwanin alewa a kan kanta da muke zuba fil a ciki. Nan ta saka shi.

Ta dubi Injiniya. "Ka goge tawa daga kwamfutar. Kada ta yi wa taka nauyi."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Na bi ta har bakin titi ina Uwata, Uwata, ba ta waiwayo ba. Kafin magariba saƙo ya shigo: "Ina gidan ƙawata. Lafiyata ƙalau. Ka sha magani." Ba ta ce in turo hoton kwalin ba.

Da safe Injiniya ya zo, rigar jiya ce a jikinsa, duk ta yamutse. A ƙa'ida da na ce ya cire a goge masa. Ya gaishe ni kamar ban yi masa komai ba, ya ce ya zo ya cika umarninta. Ya zauna gaban kwamfutar yana danne-danne, ni ina ninke tawul ɗin da na riga na ninke. Can sai na ji dannawar ta tsaya.

"Baba, akwai ranar da ta ce ka bar kwamfutar a kunne?"

"Akwai."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan kanta.

"Ta sa mata hanyar karɓar gyara daga nesa. Manhajar tana zaune a nan, tana aiki ko babu sabis, amma duk sanda sabis ya zo sai ta leƙa ta ga ko an aiko mata da sabon abu. Ba sai an zo da filashi ba. Aiki ne mai cin rai, Baba, sai an yi masa makulli na musamman don kada wani ya aiko da na ƙarya. Ta gama shi, ta gwada, ya yi. Tun kafin jiya."

Ban gane ba da farko. Ko kuma na gane, zuciyata ce ta ƙi karɓa.

"Ma'ana?"

"Ma'ana ba don ta zauna ta gina wannan ba." Ya mayar da tabarau. "Ta riga ta yarda za ta bi ni. Abin da take son nuna maka ke nan."

Na zauna a kan buhun wanki. Jan idon nan, rashin cin abincin nan, ashe igiyar take kwancewa da kanta, a hankali, yadda ba zan faɗi ba. Ta yi kwalliya ta zo ta ce mini, Baba, zan tafi amma hannuna yana nan. Abu ɗaya kawai take so ta ji daga bakina kafin ta tafi, cewa aikinta ya yi. Ni kuwa na dube ta a gaban mijin da za ta aura na ce aikin koyo ne.

Mai guga ya fito ya tsaya a kaina. Na jira ya ce ai na gaya maka. Bai ce ba. Ruwa ya miƙo mini.

Na hana Injiniya goge ta. Na ɗauki waya na yi mata saƙon murya, don rubutu ba zai ɗauka ba. Na ce, "Uwata, ƙarya na yi. Taki ce ta fi, kuma kin sani, ni ma na sani. Ni na kira yaron nan, ni na ce ya ɓoye, bai roƙe ni komai ba. Tsoro na ji kada ki zauna saboda ni. In fushi ne ga ni nan, ki yi da ni, ki bar shi."

Alamar ta nuna ta saurara. Ba ta amsa ba. Na kira, tana shiga ba a ɗauka. Shi ma haka. Mutanen can sun ce masa kafin ƙarshen wata suke son amsa, shi kuma ya rantse ba zai taka jirgi ba ita ba. Wato yana iya rasa aikin, ya rasa ta, duk a dalilin bakina. Yaya ta kira tana cewa a bar ta ta huce, yarinta ce. Karo na farko a rayuwata na ce wa Yaya sai anjima, na kashe waya.

Yau da safe na buɗe shago, na kunna kwamfuta. Manhajar Uwata ta buɗe kamar kullum, sai ga wani ɗan akwati a tsakiyar allon, da manyan haruffan nan nata:

"Sabon gyara ya iso. A karɓa?"

Maɓalli biyu a ƙasa, kore da ruwan toka.

Na kira Injiniya na karanta masa.

"Daga ita ne?"

"Ba mai iya aikowa sai ita, Baba. Makullin yana hannunta."

"Me ke ciki?"

"Akwai wurin da ake rubuta bayanin abin da aka canja. Me ta rubuta?"

Na matsa kusa na duba. "Fili ne. Ba komai."

"To ba a sani sai an karɓa. Yana iya zama gyara. Yana iya zama abin da zai rufe manhajar gaba ɗaya, ta kwashe aikinta daga shagon. In kana so ka jira in zo in kwafe bayanan masu kaya tukuna."

Na dubi akwatin. Na dubi gwangwanin alewa. Tun shekaranjiya na kwashe fil ɗin da ke ciki don kada su karce zoben, na shimfiɗa masa ƙyalle.

"A'a, ɗana. Sau ɗaya ta ce in tsaya ta nuna mini abu, na hana ta. Ba zan ƙara ba."

Na danna koren.

Wani siririn layi ya fito ya fara cika daga hagu. Ya yi tafiya kaɗan, sabis ya ɗauke, ya tsaya. Ya dawo, ya ɗan matsa, ya sake tsayawa. Masu kaya sun zo na sallame su da ka, mai guga yana ta leƙowa yana komawa. A kan kujerar nan nake rubuta muku wannan, waya a hannu, idona a kan allon. Layin ya wuce rabi.

Ban san abin da zai buɗe in ya cika ba. Ban san ko za ta dawo ta ɗauki zoben ba.